Yadda masana ke gane nau'o'in soson da ke zaune a zurfin teku

Soson wanka da aka saba da shi a ƙasar Hausa tsiro ne, amma wanda ke ƙarƙashin teku dabba ne. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da zuciya ko ciki. Yana manne ne a jikin dutse, yana zuƙo ruwa ta ƙananan ramukan jikinsa, ya tace abinci, ya fitar da ruwan ta babbar kafa. Masana sun tantance nau'o'insa fiye da 9,000.

Da yawa daga cikinsu na rayuwa a duwatsun murjani masu zurfin mita 30 zuwa 150, inda hasken rana ke raguwa. Mai nutso da kayan da aka saba ba ya wuce kimanin mita 40, don haka sai a tura na'urar nutso mai kyamara da hannu, wadda ake sarrafawa daga cikin jirgin ruwa.

Babbar matsalar ita ce kamannin soso na yaudarar ido. Nau'i guda zai iya zama kamar tulu a wuri mai ruwa kwance, ya kuma shimfiɗu a kan dutse inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Launinsa ma kan sauya da zarar an fito da shi. Wannan ne ya sa ake fara ɗaukar hotonsa a mazauninsa, a rubuta zurfin wurin, sannan a yanko ɗan guntu a adana cikin sinadarin itanol.

Shaidar gaskiya tana cikin ƙashinsa, wanda ƙananan allurai ne da ido ba ya iya rarrabewa. A wasu nau'o'in da silika aka yi su, wato sinadarin da ake haɗa gilashi da shi, a wasu kuma da sinadarin alli. A ɗakin bincike ana zuba wa guntun ruwan bilic na wanki, naman ya narke, alluran su rage. Sai a duba su da madubin ƙara girman abubuwa, a auna tsawonsu, a lura da siffarsu: wasu kamar tsinke, wasu kamar tauraro, wasu kamar ƙugiya. Ana kuma yanka wani sashen siriri domin ganin yadda alluran suka jeru. Idan nau'o'i biyu suka yi kama matuƙa, gwajin ƙwayoyin gado ne ke raba gardama.

Wannan aiki yana da alaƙa da lafiyar ɗan Adam. Maganin sankarar jini mai suna saitarabin, wanda Amurka ta amince da shi a 1969, ya samo asali ne daga binciken wani soso na tekun Karibiyan. Haka ma eribulin, maganin sankarar mama da aka amince da shi a 2010, an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani soso da aka samo a gaɓar Japan. Idan aka yi kuskuren suna, wanda zai maimaita binciken zai nemi dabbar da ba ita ba.

Yana kuma shafar harkar man fetur. A 2016 masana suka wallafa bayanin wani makeken dutsen ƙarƙashin teku da ke kusa da bakin kogin Amazon a ƙasar Brazil, inda suka ƙidaya nau'o'in soso 61. A Disambar 2018 hukumar kula da muhalli ta ƙasar, Ibama, ta hana kamfanin Total lasisin haƙar mai a yankin. Hukuma ba za ta iya auna ɓarnar da haƙa ko malalar mai za ta yi ba, sai ta san abin da ke zaune a wurin da sunansa.