Kallon sama daga Gyaɗi-Gyaɗi: Abin da ya kamata a sani kafin husufin 2027

Idan aka ɗauke wuta da daddare a Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni, fitilun tituna da na shaguna sukan ragu, sai taurari su bayyana. Dattawa da dama na iya nuna Kaza da 'Ya'yanta, ko Zara matar wata, wadda Turawa ke kira Venus. Matasa kuwa sun fi gane su ta manhajojin waya irin su Stellarium, waɗanda ke nuna sunan duk tauraron da aka saita wayar a kansa.

Ilimin falaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya yi suna har birnin Alƙahira, inda ya rasu a 1741. Har yau ma, duk ranar 29 ga watan Musulunci ana duban jinjirin wata a yamma bayan faɗuwar rana, kafin Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, ya bayar da sanarwa.

Sai dai rashin fahimtar abin da ke faruwa a sama ya taɓa jawo ɓarna. A watan Janairun 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun kai farmaki kan otel-otel da mashaya, suna cewa zunuban da ake aikatawa a can ne suka jawo shi. Alhali wata kan yi duhu ne idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana, kuma masana kan lissafa lokacin tun shekaru kafin ya zo.

Wani husufin na tafe. Ranar Litinin 2 ga Agustan 2027, wata zai rufe rana gaba ɗaya a Luxor ta Masar da Jidda da Makka. A Luxor duhun zai wuce minti 6. Kano za ta ga wani ɓangare na ranar ya rufe, kamar yadda ta gani ranar 29 ga Maris ɗin 2006, lokacin da gari ya yi duhu a Gusau da Katsina.

Haɗarin yana ga ido. Kallon rana kai tsaye na iya ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau bai isa kariya ba. Hanya mai sauƙi ita ce a huda ƙaramin rami a kwali, a juya wa rana baya, a kalli siffarta a ƙasa.

Wannan bayani bai buƙatar babban zaure. Malamin kimiyya ɗaya da limamin unguwa, a harabar makarantar Islamiyya bayan sallar Isha'i, sun isa su koya wa yara shi kafin ranar ta zo.