Abubuwan da ya kamata ka sani game da dokar alamar kasuwanci da sunayen buɗaɗɗun manhajoji

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka saki kod ɗinta, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa sunanta ma na kowa ne. Doka ba ta ce haka ba, kuma rashin sanin wannan ya jefa manyan ayyuka cikin rikici.

Kod daban, suna daban

Dokar haƙƙin mallaka ce ke kula da kod, kuma a ƙarƙashinta ake ba da lasisi irin su GPL da MIT. Suna da tambari kuwa na ƙarƙashin dokar alamar kasuwanci ne, wadda aikinta shi ne kada a ruɗi mai amfani game da asalin kayan da ya karɓa. Lasisin Apache 2.0 ya faɗa ƙarara a sashe na 6 cewa bai ba kowa izinin amfani da alamun kasuwancin masu manhajar ba. Kamar mai kilishi ne ya koya maka haɗin yajinsa kyauta, amma bai yarda ka rubuta sunansa a allon shagonka ba.

Me ya sa suke riƙe suna?

Duk wanda ya ga dama zai iya ɗaukar kod ya cusa masa abin leƙen asiri, ya raba. Idan ya raba da sunan asali, masu aikin ne za su sha zargi. Wani dalilin kuma shi ne idan ba ka kare sunanka ba, wani zai riga ka. A 1994 wani mutum a Amurka ya nemi rajistar sunan Linux, daga baya ya fara neman kaso daga kamfanonin da ke sayar da shi. Sai a 1997 aka sasanta, alamar ta koma hannun Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux.

Darasin Firefox

Manhajar ta fara da sunan Phoenix a 2002, sai kamfanin Phoenix Technologies ya yi ƙorafi. Aka koma Firebird, ashe akwai manhajar adana bayanai mai wannan suna. A 2004 aka tsaya a kan Firefox. Bayan nan Mozilla, mai manhajar, ita ce da kanta ta koma mai tsaron suna. A 2006 ta sami saɓani da Debian, masu raba wani nau'in Linux, kan gyare-gyaren da Debian ke yi da kuma batun tambari, har Debian ta riƙa raba manhajar da sunan Iceweasel. Ba a koma sunan Firefox ba sai 2016.

Idan aka raba gari, wa ke tafiya da suna?

Mai rajista ne, ko da kuwa wasu ne suka yi wahalar aikin. Bayan Oracle ya sayi Sun Microsystems, mai manhajar OpenOffice.org, a 2010, masu aikin sa-kai da dama sun fice daga OpenOffice.org suka kafa LibreOffice. A 2011 masu aikin manhajar Hudson suka koma sunan Jenkins saboda taƙaddama da Oracle kan suna. Kod ya bi su, amma dole suka sake gina sanayya daga tushe.

Abin da mai ƙera manhaja zai yi

Kafin ka raɗa suna, ka bincika rajistocin alamun kasuwanci da wuraren ajiye kod irin su GitHub. Ka sani rajista tana aiki ne a yankin da aka yi ta kawai. A Najeriya ana yin ta a ofishin rajistar alamun kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, a Nijar kuwa ta hanyar ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Idan ku da yawa ne a aikin, ku rubuta tun farko wane ne mai sunan, zai fi kyau ya zama gidauniya ko ƙungiya maimakon mutum ɗaya. Idan kuma ka gyara manhajar wasu za ka raba, ka ba ta sabon suna, ka bayyana gaskiyar inda ta samo asali.

Masu ƙera manhaja, ku daidaita maganar suna tun kuna shiri da juna, kada ku bari sai ranar da rigima ta tashi.