Pil mai cin iska

 

Ya kai mai karatu, ka san pil na rediyo da na cocila. In ya mutu, sai ka yar da shi ka sayi wani. To, akwai wani irin pil da ba a yarwa. Abinci ake ba shi. Muddin yana samu, yana ba da wutar lantarki, wadda muke ce wa kuran. Abincinsa wata iska ce mai suna haidurojin. Wani Bature ɗan Birtaniya, William Grove, shi ya fara gwada dabarar a 1839. A 1965 Amurkawa suka sa irinsa cikin kumbon Gemini. A 2014 kamfanin Toyota ya fara sayar da mota mai aiki da shi.

Abu biyu ne ƙashin bayan wannan pil.

Na fari shi ne dillali. Ka san dillalin kasuwa: dabbar ba tasa ba ce, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa da wuri. A cikin pil ɗin, dillali wani ƙarfe ne mai suna filatinom. In haidurojin ta taɓa shi, sai ta rabu gida biyu: furoton da ilaktoron. Shi kuwa ƙarfen yana nan, bai ƙare ba.

Na biyu wata leda ce siririya, mai aikin rariya. Gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Furoton yana ratsa ledar. Ilaktoron ba shi da hanya, tilas ya zagaya ta cikin waya. Wannan zagayen shi ne kuran da ke kunna fitila. A ɗaya gefen su biyun su gamu da oksijin, iskar da muke shaƙa, sai su zama ruwa. Babu hayaƙi.

Akwai kuma wanda ake zuba wa wani ruwa mai suna metanol. Ya fi sauƙin ɗauka, amma da matsala biyu. Yana barin ƙazanta a jikin filatinom, sai an gauraya shi da wani ƙarfe, rutiniyom. Kuma yana yoyo ta cikin ledar, ƙarfin pil ya ragu. A kula: metanol dafi ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, har ya kashe shi. Kada a sha, kada a ajiye kusa da yara.

To, me ya sa ba ka ganin wannan pil a kasuwarku? Filatinom yana da tsada ƙwarai, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Ledar kuma kamar salka take, sai da laima take aiki. In ta bushe, furoton ba ya wucewa. Ka san zafin bazara da bushewar hunturu a ƙasar Damagaram. Sannan haidurojin ba a tsintar ta a kanti. Ana iya fid da ita daga ruwa da wutar farantan hasken rana, amma kayan aikin sai da kuɗi.

Duk da haka, abin bai yi mana nisa ba. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, a 1987, masu haƙa rijiya suka tarar da haidurojin cikin ƙasa. A 2012 aka kunna inji da ita, ƙauyen ya samu wuta.

Mun ga yadda aka yi a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Rana muna da ita. Abin da ya rage shi ne masu ilmin sarrafa ta. Ka riƙe karatunka, ka sa ɗanka da ɗiyarka lakwal.

Ku tattauna da malaminku: mene ne aikin dillali, mene ne aikin rariya? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.