Koyar da Lissafin Yiwuwa da Hausa ta Hanyar Ƙa'idojin Ƙirga: Misalai Daga Unguwannin Hausawa na Kudu

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a cikin Hausawan Diobu ta Fatakwal, ko na kusa da kasuwar Ose ta Anacha, ko na Gariki ta Inugu, da Hausa yake magana a gida, da Ibo ko Buroka a kasuwa, sannan ya tarar da Ingilishi a aji. Irin wannan yaro ya iya ƙirga kaya da canji tun yana ƙarami, amma lissafin yiwuwa, wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, yakan zo masa kamar baƙon abu. A wannan maƙala za mu nuna cewa ƙa'idojin ƙirga guda uku sun isa su buɗe masa wannan babi, muddin an koyar da su da harshensa da kuma abubuwan da ya saba gani.

2.0 Asali da Ma'ana

Fannin ya samo tushensa na zamani daga wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654. Amma tun a ƙarni na 8 Al-Khalil bin Ahmad na Basra ya ƙirga yawan hanyoyin jera haruffan Larabci domin tsara ƙamusunsa, Kitabul Aini. A nan gida ma, Muhammad bin Muhammad Al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lissafi a 1732. Ya kamata ɗalibi ya san wannan, don kada ya ɗauka ilmin na wasu ne.

Ma'anar kuwa ita ce: yiwuwar abu ita ce adadin hanyoyin da zai iya aukuwa, a raba da adadin dukkan hanyoyin da ke akwai, da sharaɗin kowace hanya tana da dama daidai da 'yar'uwarta. Ashe aikin duk na ƙirga ne.

3.0 Ƙa'idojin Uku

3.1 Ƙa'idar Ninkawa

Idan mataki na farko yana da hanyoyi kaza, na biyu ma yana da nasa, sai a ninka su. Mu ɗauki cutar sikila. Uba mai jinin AS zai ba ɗa A ko S, uwa mai AS ma haka, wato 2 × 2 = 4: AA, AS, SA, SS. Yiwuwar haifar mai SS ita ce 1 bisa 4. Kuskuren da ya yaɗu shi ne zaton cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai kamu. Kowace haihuwa lissafinta daban yake. A haihuwa biyu hanyoyi 4 × 4 = 16 ne, don haka yiwuwar duka biyun su zo da SS ita ce 1 bisa 16.

3.2 Ƙa'idar Jerantawa

A ce mata biyar sun shiga adashi, abin da maƙwabtansu Ibo ke kira isusu, kuma za a jefa ƙuri'ar ɗiba. Ɗiban farko yana da mutum 5, na biyu 4, har zuwa na ƙarshe: 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 120. Idan aka tsayar da mace guda a farko, sauran huɗun za su jeru ta hanyoyi 24. Yiwuwar ta fara ɗiba ita ce 24 bisa 120, wato 1 bisa 5. Yiwuwar ta zama ta ƙarshe ma haka take, kuma wannan shi ne hujjar adalcin ƙuri'a.

3.3 Ƙa'idar Zaɓi

A nan ba a kula da wanda ya riga wani. Ta hanya nawa za a fitar da mata biyu daga cikin biyar ɗin? 5 × 4 = 20, amma an ƙirga kowane biyu sau biyu, sai a raba, a sami 10. Yiwuwar wata ya da ƙanwarta su kwashe ɗiba biyun farko ita ce 1 bisa 10.

Wannan ƙa'ida ce ke tona asirin cacar lambobi da ke jan samari a waɗannan birane, wadda ake fitar da lambobi 5 daga cikin 90. Mai zaɓar lambobi biyu yana gaban hanyoyi 90 × 89 ÷ 2 = 4,005, kuma 10 ne kawai daga ciki ke kai shi ga ci. Damarsa ke nan kusan 1 cikin 400. Ɗalibin da ya fitar da wannan adadi da alƙalaminsa ya sami gargaɗin da zai daɗe bai manta ba.

4.0 Shawarwari

Na farko, a fara da zayyana dukkan hanyoyi a kan allo da duwatsu ko marafen kwalba kafin a kawo ƙa'ida. Na biyu, a tsayar da kalmomin yiwuwa, ninkawa, jerantawa da zaɓi a littattafai, a riƙa gabatar da takwarorinsu na Ingilishi daga baya domin jarrabawa. Na uku, malami ya nanata sharaɗin daidaiton dama. Ruwa a Fatakwal gobe ko dai ya sauka ko kada ya sauka, amma wannan bai mai da yiwuwarsa 1 bisa 2 ba. Na huɗu, a tuna cewa wasu iyaye za su ji kalmar yiwuwa kamar tana karo da ƙaddara. Sai a bayyana musu cewa lissafin yana auna abin da mutum ya sani ne game da hanyoyi, bai faɗin gaibu.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa da ninkawa da jerantawa da zaɓi ana iya warware matsalolin farko na yiwuwa cikin Hausa tsantsa. Abin da ya rage shi ne masu tsara manhaja su shigar da waɗannan misalai cikin littafin jagoran malami, kuma a horar da malaman da ke koyarwa a unguwannin Hausawa na Kudu kan yadda za su yi amfani da su.