Kwandon 'Ya'yan Itace a Gaban Kamara

Shirinmu na yau ya leƙa wajen masu ɗaukar hoton abin da ba ya motsi: furanni, 'ya'yan itace, ragowar abinci a kan tebur.

Sana'ar ta samo asali daga masu zane. A ƙarni na 17, masu zanen ƙasar Holan sukan zana tuffa da inabi sun nuna sosai, sai su ɗora ƙuda ɗaya ko tsutsa a gefe, don mai kallo ya tuna da ƙarewa. Da kamara ta zo, ta gaji wannan al'ada. Irving Penn na Amurka ya fara ɗaukar wa mujallar Vogue hotunan furanni a 1967, kuma ya fi son furen da ya fara yaushi, ya yi ɗigo-ɗigo.

Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sam Taylor-Wood, 'yar Ingila, a 2001. Ta shirya kwandon 'ya'yan itace, ta kafa kamara tana ɗauka makonni, sannan ta matse abin da ta ɗauka duka bai kai minti 4 ba. Da farko komai ɗanye shakaf. Can sai fumfuna ta ɓullo, fara sol kamar auduga, ta lulluɓe kwandon, ta koma toka-toka. 'Ya'yan su lotsa, su narke, ƙananan ƙudaje su yi dandazo a kai. Ku lura, jama'a, fumfunar nan ma rai gare ta, girma take yi. Abin da ya kashe tuffa shi ya ciyar da ita. Mai kallo kuwa yana ta ƙoƙarin tuna yadda kwandon yake a farko.

A gefen kwandon akwai biro na roba, irin mai arha. Har aka gama ko gezau bai yi ba. Ni dai biron nan ya fi ruɓar ba ni tausayi, domin babu iri a cikinsa.

A 2002 ta maimaita aikin da gawar zomo, tsutsotsi suka cinye shi har ƙashi.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.