X-Men Daga 1963 Zuwa Yau: Wane Zamani Ya Kamata Ka Fara Karantawa A Wayarka?

Yawancin matasan da ke zuwa shagon masu caji da tura fina-finai a Bichi, Ɗambatta ko Kunci ta fim suka san X-Men, kuma da yawa sun ɗauka Wolverine ne tushen ƙungiyar. Amma asalinta littafin labarin zane ne na kamfanin Marvel, wanda ya shekara fiye da 60 yana fitowa, kuma sai da ƙungiyar ta shekara 12 kafin Wolverine ya shigo. Idan za ka kashe data ka karanta, gara ka san zamunanta tukuna. Dukkansu tambaya ɗaya suke amsawa: yaya 'yan tsirarun da aka haifa da baiwa ta daban za su zauna da jama'ar da ke tsoronsu?

Zamanin farko: 1963 zuwa 1970

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro ta a 1963. Ɗalibai biyar ne, Cyclops, Jean Grey, Beast, Angel da Iceman, a makarantar Farfesa Xavier. Amsarsu ita ce haƙuri: ka kare mutanen da ke ƙinka har su yarda da kai. Littafin bai yi kasuwa ba, sababbin labarai suka tsaya a fitowa ta 66 a 1970. Maganganun ciki suna da yawa, ga ƙananan rubutu, don haka yana gajiyar da ido a ƙaramar waya.

Zamanin Claremont: 1975 zuwa 1991

A 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka farfaɗo da ita da jarumai daga ƙasashe daban-daban: Wolverine daga Kanada, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Rasha, sai Storm, wadda mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta kuma tashi a Alƙahira. Daga nan Chris Claremont ya karɓi rubutun har tsawon shekara 16. Shi ya mayar da ƙungiyar tamkar iyali mai soyayya da saɓani, ya kuma bai wa mugu Magneto tarihin wanda ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, har mai karatu ya fara ganin dalilin fushinsa. Labaran Dark Phoenix na 1980 da Days of Future Past na 1981, waɗanda aka yi fim ɗinsu daga baya, duk daga nan suke.

Zamanin ƙyalƙyali: shekarun 1990

Sabon X-Men na ɗaya da Jim Lee ya zana a 1991 ya sayar da kwafi sama da miliyan 8, adadin da babu wata fitowa ɗaya da ta kai. Zanen ya ƙayatar, faɗa ya yawaita, amma labarai sun warwatsu cikin littattafai da yawa, sai ka bi huɗu ko biyar kafin ka ga ƙarshen labari ɗaya. Katun ɗin talabijin na 1992 da X-Men '97 na 2024 kamannin wannan zamanin suka ɗauka.

Daga 2001 zuwa tsibirin Krakoa

Grant Morrison ya mayar da hankali kan makarantar a 2001, kuma a 2002 ya kawo Sooraya Qadir, Musulma 'yar Afganistan mai sanya niƙabi. A 2010 aka shigo da Idie Okonkwo, 'yar Najeriya. Babban sauyi ya zo a 2019, lokacin da Jonathan Hickman ya rubuta House of X da Powers of X: masu baiwar suka daina roƙon a karɓe su, suka kafa ƙasarsu a tsibirin Krakoa, Xavier da Magneto a gwamnati ɗaya. Wannan zamani ya ƙare a 2024.

To, ta ina za ka fara?

Idan labari mai ratsa zuciya kake so, fara da Giant-Size X-Men na 1975 ka bi Claremont. Idan siyasa da zanen zamani ne suka fi burge ka, House of X da Powers of X fitowa 12 ne kacal, kuma an tsara su don sabon mai karatu. Zamanin 1963 bar shi sai ka saba.

Duk ana samunsu a manhajar Marvel Unlimited, amma da Turanci suke, kuma sai an biya kuɗin wata ko na shekara. Manhajar tana ba da damar ajiye littafi a waya, saboda haka idan sabis na yi maka wahala a ƙauye, sauke na mako guda ranar da ka shiga gari, ka karanta a gida ba tare da intanet ba.