Zumuntar Aiki a Fagen Tsaron Kwamfuta

Ɗalibai da yawa na aji shida sun tambaye ni bana game da aikin tsaron kwamfuta da intanet, wato aikin kare na'urori, asusun banki da bayanan mutane daga ɓarayin da ba sa bukatar haura katanga. Yawancinsu suna so su san takardar shaidar da za su nema. Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta: su wane ne za ku sani a wannan fage, su wa kuma za su san ku?

Mu mutanen Safana da Batsari ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ke zaune a bakin dajin Rugu ya san cewa ɗan sintiri ɗaya ba ya tsare gari. Abin da ke ceton mutane shi ne labari ya fito daga wannan ƙauye ya isa wancan kafin mugu ya iso. Haka aikin nan yake, kuma haka ya fara. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibi a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja wadda ta yaɗu da kanta, ta tsayar da dubban kwamfutoci. Masana a jami'o'i dabam dabam suka yi ta fama, kowa a ɗakinsa, gama babu wurin da za a kai rahoto. Saboda haka aka kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, a 1990 kuwa aka kafa FIRST, ƙungiyar da ke haɗa irin waɗannan cibiyoyi a duniya. Tamu ta Nijeriya ita ce ngCERT, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Akwai dalili na biyu. Wanda aka ɗauka wannan aiki, an ba shi mabuɗin rumbu ne. Zai ga sirrin banki ko na asibiti. Takarda tana nuna abin da mutum ya karanta, ba ta nuna ko yana da amana. Don haka mai ɗaukar ma'aikaci yakan tambayi wanda ya yarda da shi, "Ka san yaron nan?" Wannan ba shi ne neman alfarma ba. Mai neman alfarma yana so a rufe ido a kan rashin iyawarsa. Mai zumuntar aiki kuwa yana so a sami shaidu a kan iyawarsa.

To, ina za a fara? A fara da na kusa. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, a bakin ƙofarmu take, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Bayero a Kano, akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna mai sashe na musamman kan wannan ilimi. A cikinsu akwai yayyenku da suka zauna a kan bencin da kuke zaune. Ku neme su lokacin hutu. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma ban ga intanet ya soke wannan magana ba.

Sai ƙungiyoyi. Akwai CSEAN, ta ƙwararrun tsaron intanet na Nijeriya, wadda ke shirya taro a kowace shekara. Akwai NCS ta masu aikin kwamfuta. ISACA ma tana da rassa a Abuja da Legas. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da matasa miliyan 3 kan fasaha, tsaron intanet yana cikin darussan. Amfanin irin waɗannan wurare ba darasin kaɗai ba ne, har da wanda ya zauna kusa da kai. Wanda ba shi da kuɗin mota zuwa Abuja yana iya cewa a ba shi aikin sa kai, ko da jera kujeru ne ko rubuta sunayen baƙi. Mai riƙe da rajista yakan gaisa da kowa.

Nan ne matasanmu suka fi yin kuskure. Yaro ya sami babban mutum a LinkedIn, saƙonsa na farko shi ne, "Ranka ya daɗe, a taimake ni da aiki." Ba za a amsa ba, kuma ban ga laifin mutumin ba. Gara ka je da abu a hannu. Ka gama darasin share fage na kyauta da Cisco ke bayarwa, ko ka gwada gasar picoCTF da aka shirya domin ɗalibai, sa'an nan ka rubuta: na yi kaza, na maƙale a wuri kaza, ina zan duba? Masani yana jin daɗin tambayar da ta nuna an sha wahala kafin a yi ta. In ya amsa, ka gwada, ka koma ka gaya masa abin da ya faru. Wannan komawar ita ce ke mai da baƙo ya zama sananne. Ku 'yan mata, ƙofar a buɗe take gare ku. Sai dai ku riƙa yin hulɗa a bainar jama'a, da sanin iyaye ko malamai.

Kada kuma ku ce ba ku da abin bayarwa. Kuna jin Hausa. Kowace rana ana buga wa iyayenmu waya a ce daga banki ne, a nemi lambar BVN ko lambar sirrin kati. Ɗalibin da zai iya tsayawa a taron iyayen yara ko a gaban masu POS na kasuwa ya bayyana wannan damfara da Hausa mai sauƙi, ya riga ya yi abin da ƙwararre daga Legas ba zai iya ba.

Sai a lura da irin abokan. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin Ingila. Wani saurayi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya gano hanyar tsayar da ita, kuma wani abokinsa mai bincike ne ya samo masa samfurin da ya duba. Duniya ta yabe shi. Bayan wata 3 aka kama shi a Amurka saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taɓa sa hannu a cikinta a baya, ya kuma amsa laifi a 2019. A nan gida, dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga masu kutse da damfara. Wanda ya ce ka ara masa asusunka na banki kuɗi su wuce ta ciki, sunanka ne EFCC za ta fara gani, ba nasa ba.

Na san wahalarmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, sai a Disamba aka fara buɗewa. Saboda haka ku kafa ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar tun kuna makaranta, duk wanda ya je Dutsin-Ma ko Katsina ya sauko da darussa a waya a raba. Ku kuma sayi ƙaramin littafi, ku rubuta sunan duk wanda kuka haɗu da shi, da ranar, da abin da kuka yi masa alkawarin aikowa.